Abin da Ya Sa Ake Ce wa Kakana Nabaya

Abu biyu mutanen tashar Gusau suke faɗa a kan kakana, kuma duk biyun ba su san abin da suke faɗa ba. Na farko, wai matsoraci ne, shi ya sa tun zamanin da motoci ke tafiya a jere kullum shi ne a ƙarshe, har aka laƙaba masa Nabaya, sunan ya danne na yanka. Na biyu, wai ya hana ni aikin tuƙa motar asibiti don ni mace ce. Samarin da suka karɓi lasin jiya da shekaranjiya su suka fi yaɗa wannan, su da suke ganin tuƙi bai wuce a murɗa sitiyari a taka totur ba. To ku saurara, ba ni da lokacin maimaitawa.

Sunana Kulu. Da na gama sakandare ban sami aikin ofis ba, kuma ni ba mai iya zaman ɗaka ba ce. Babana yana da a-kori-kura da yake kwaso hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye. Da direbansa ya bar aiki na ce a ba ni. Gari ya yi surutu har ya gaji. Rani uku ke nan ina hawa da sauka tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, ban taɓa ƙwarzanar ko akuya ba. Na ce rani, don da damina Baba kan jingine motar, hatsi ya yi ƙasa a rumbuna, hanyoyin ƙauye kuma sun jiƙe.

Ana gab da faɗuwar damina Sista Asabe, shugabar ungozomomin asibitinmu, ta aiko kirana. Sun sami mota da za ta riƙa shiga ƙauyuka irin su Magami da Ruwan Bore tana ɗauko matan da haihuwa ta zo musu da gardama. Mace take so ta tuƙa, don mace za ta shiga har ƙuryar ɗaki ta kama mai naƙuda, ba sai an tsaya sallama a zaure ana jiran maigida ba. Ta ba ni mako biyu in kawo amsa. Na zo gida da gudu na gaya wa Baba. Ya ce, "Ni ban da ta cewa a sha'anin mota. Je ki ɗauki tsoho ku yi tafiya ɗaya. In ya ce kin iya, kin iya."

Ranar kasuwar Tsafe na ɗauke shi. Ya shigo gaba da sandarsa da tasbaharsa, idonsa ya yi rauni amma kunnensa na nan garau. Tun kafin mu bar gari ya ce inji yana son a duba masa ruwa, kuma gaskiyarsa ne. Mun wuce gari kaɗan na cim ma wata babbar mota maƙare da albasa, na manne mata ina neman inda zan wuce.

Ya ce, "Amarya, mi anka rubuta ga bayan motag ga?"

Na karanta masa.

"Ƙananan na ƙasa fa? Ko bokon bai kai nan ba?"

"Kai dai tsoho ba ka raina kanka. Sunan mai fenti ne da unguwarsu." Na karanto masa su tas, har da ɗigon.

Ya ce, "Madalla. To aje ni nan."

"A tsakiyar daji?"

"Gara dajin. Ni ban shirya mutuwa cikin albasa ba."

Na ja baya ina ƙunƙuni, muka je Tsafe muka dawo. Da Baba ya tambaye shi, sai ya ce, "Ta iya tahiya. Tsayawa ta ba ta iya ba." Na ce wane irin zance ne wannan, akwai wanda bai iya taka birki ba? Na buga ƙofa na fita. Daga nan maganar ta kai tasha, aka ƙara mata gishiri.

Ku da ba ku san shi ba, bari in gaya muku ko wane ne. Kafin ya taɓa sitiyari bafatake ne. Tun tasowarsa yake kora jakuna, ya kai auduga da fatu, ya dawo da gishiri da goro. A ayari kuwa doka ɗaya ce ta fi kowace, kada ka bar rata. Jakinka ya sa hanci a wutsiyar na gaba. Wanda ya bari aka ba shi tazara shi 'yan fashi ke tsinkewa, shi kura ke bi, kuma in an sauka zango shi ake yi wa dariya a ce raggo. Jagaba yana gaba, wani yana baya da bulala, abin da kake ji wuni guda shi ne, "Matso! Matso!" Kuma babu haɗari a ciki, don jaki yana da ido. In na gaba ya tsaya, na baya ya tsaya da kansa, ko mai shi yana gyangyaɗi.

Lokacin da ake shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa ta nufo Gusau, manyan motoci suka fara shigowa ɗaukar auduga da gyaɗa. Kakana ya ga jaki talatin ba su ɗauki abin da mota ɗaya ta ɗauka ba, ya sayar da nasa, ya je ya durƙusa gaban wani direba mutumin Ilori, da ake ce wa Baba Ilori. Da gemunsa ya fara koyo. Ya ce wata shida bai zauna a kujerar direba ba. Aikinsa murɗa ƙarfen da ake tayar da inji da shi a gaba, wanda in ya ƙwace sai ya karya maka hannu, da ɗebo ruwa a rafi ana shayar da inji, da ɗaure gwangwanayen fetur, da rungumar wani guntun icce da ake tokare taya da shi in mota ta mutu a hawa. Yakan ce wannan iccen ya fi birkin motar amana.

Birkin kuwa abin tausayi ne. Ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, ta wasu sandunan ƙarfe da ake ɗaurewa da hannu kowace safiya. In ka tsallaka rafi ya jiƙe, sai ka yi tafiya mai nisa kana ɗan taka shi kafin ya bushe ya dawo hayyacinsa. In ka matsa masa a gangara ya yi zafi, ya yi wari, ya sake ka. Don haka Baba Ilori ya koya masa sauka da giya, ya sa ƙaramar giya tun yana kan tudu, inji ya riƙe motar. Abin da bai koya masa ba shi ne tazara, don shi kullum a gaba yake, bai taɓa ganin abin da na baya ke yi ba.

Su kuma masu hawa, yawancinsu tsofaffin abokan fatauci ne. Da farko tsoro suke ji, wani sai ya yi alwala ya yi sallama da iyali kafin ya hau. Da suka saba sai suka zama sarakan tuƙi. Suna zaune can saman dilolin auduga, ƙafafu na lilo, suna ba direba umarni. Motar da ta bari 'yar'uwarta ta yi mata nisa, fasinjojinta su hau buga rufi suna ihu, a sauka kuma a yi wa direban ba'a. Fatake ne a sama, fatake ne a sitiyari, sai suka ɗauko dokar ayari suka ɗora wa mota. Huɗu, biyar, a jere, hanci a wutsiya, kamar jakuna.

Wannan duk na sha jin sa tun ina ƙarama. Sauran labarin ban taɓa ji ba sai bana.

Kwana biyar bayan tafiyarmu Tsafe aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe kakana ya aiko a ce in loda buhun dawa goma in zo. Na same shi a ƙofar gida rungume da tsohon tulun Inna, kakata. Na ce, "Maigida, yau kuma tallan ruwa za mu?" Ya ce in ja mota. Muka nufi Kwatarkwashi. Kafin gari akwai guntun tsohuwar hanya ta jar ƙasa da aka bari lokacin da aka yi kwalta, tana gangarowa ta gefen duwatsu. Nan ya sa na shiga.

Ya sauka ya kafa tulun a tsakiyar hanya a ƙasan gangara. Ya ce, "Wanga tulu mota ta, ta tsaya gabanki. Nuna min inda za ki taka birki ki tsaya ba ki taɓa ta ba."

Na auna da ido. Na ƙirga taki ashirin daga tulun, na ƙara biyar don kada ya sami abin faɗi, na ja layi da ƙafa.

"Nan ya ishe ki?"

"Har da saura."

Ya kafa sandarsa a kan layin, ya koma gefe ya zauna bisa dutse. Na hau tudu na juyo, na taho da irin gudun da na saba yi a hanyar Tsafe. Ina kaiwa sanda na taka birki. Ƙafafun suka kame, motar ba ta ko kula ba. Ta ci gaba da sulalewa kamar an zuba miyar kuɓewa a ƙasa, buhunan nan goma suna turo ni ta baya, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Ina kallon tulun yana zuwa. Na ji fashewarsa a ƙarƙashina, ban tsaya ba sai da na wuce wurin da tsawon mota biyu.

Na fito na ce ai laka ce, kuma kaya sun yi yawa, kuma gangara ce.

Ya ce, "Hanyar Magami da damina mi a kanta, darduma? Kuma nan kin san inda tulun yake, kin san inda za ki taka. Ranar da za shi zo miki ba ya sallama. Ido ya gani, ya gaya ma zuciya, zuciya ta aiki ƙahwa, ƙahwa ta tashi daga totur ta nemi birki. Duk wanga aike da akai, mota tahiya takai, ba ta jiran kowa. Zo zauna."

Na zauna. Ya nuna gangarar da haɓa.

Ya ce shekararsa ta biyu da karɓar mota, auduga ta yi yawa, kwasa ta kai su har ruwa ya sauko. Mota uku suka taso daga Tsafe. Baba Ilori a gaba, wani a tsakiya, shi a baya. A saman motar tsakiya, can ƙarshen kaya, akwai Tanko, abokinsa da suka yi shekaru suna kora jakuna tare, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Tanko ya zauna yana fuskantar baya, ya sako ƙafafu, yana ta tsokanar sa.

"Shina ɗaga min goro, shina cewa, 'Matso ka amsa, raggo! Matso!' Ni ko ina dariya ina matsawa. Har ina ganin jan goro ga haƙoransa."

A wannan gangarar garken shanu ya fito daga bayan dutse. Baba Ilori ya gan su tun daga nesa, ya tsaya lafiya. Na tsakiya ya taka, ya karkata, ya tsaya da ƙyar. Kakana bai ga shanu ba, bai ga komai ba sai auduga da Tanko. Lokacin da ya gane motar gabansa ta tsaya, ya taka da ƙafa, ya ja na hannu, ya kira sunan Allah. Motar ta tafi abinta. Ƙafar Tanko ta dama tana tsakani.

"Da jaki na, da ya tsaya," ya ce. "Ni jaki nika kora cikin kaina."

Tanko ya rayu, ƙafar ce ba ta rayu ba. Mai motar da kakana ke tuƙawa ya karɓe abarsa. Shekara guda kakana ba wanda ya yarda ya ba shi ko ƙarfen tayar da inji ya riƙe. Jakuna ya riga ya sayar, sai ya koma dako a bakin kasuwa, abin da ya samu ya raba biyu ya kai gidan Tanko. Wannan ita ce shekarar da ba ya son a tambaye shi.

Wanda ya mai da shi kan mota Tanko ne. Ya sa aka ɗauke shi a jaki har gidan wani mai mota a Bungudu, ya ce a ba abokinsa tuƙi, shi zai zauna a gefensa. Mai motar ya ce, mutumin da ya gurgunta ka? Tanko ya ce duk ƙasar nan shi kaɗai ne direban da ya san tsawon tsayuwar mota, sauran ji suke yi.

Su biyu suka ƙirƙiro ma'aunin da kakana ya yi aiki da shi har ya ajiye tuƙi. Taki ba ya aunuwa kana gudu, ido kuma maƙaryaci ne. Sai Tanko ya riƙe tasbaha. In motar gaba ta gifta wata alama, ko kuka ko suri ko dutse, ya fara ja yana cewa Subhanallah, a natse, ba irin na mai sauri ya tashi daga sallah ba. In sun iso alamar bai kai uku ba, ya ɗaka wa kakana duka a gwiwa. Uku ɗin nan na mota ba kaya ne a busasshiyar hanya. Da kaya biyar. In ƙasa ta jiƙe a ninka. In gangara ce a ƙara, a kuma sa ƙaramar giya. Gudu in ya ƙaru, ratar tana buɗewa da kanta, ba sai an sake lissafi ba.

Fasinja suka yi ta buga rufi, direbobi suka yi ta shiga ratar da ya bari. In an shiga sai ya ƙara ja baya, Tanko ya sake ƙirga. Haka ya zama na ƙarshe a kowane jeri, haka Nabaya ya samo asali. Tanko kan leƙa ta taga ya ce wa masu ihu, "Wanda ke sauri ya sauko in ara mai ƙahwata." Shekara goma sha wani abu suna tare a gaban mota har Allah ya ɗauki ran Tanko, kuma daga ranar gangarar nan har ya bar aiki kakana bai ƙara taɓa bayan motar kowa ba. Ku masu ce masa matsoraci, a cikinku wa zai daki ƙirji ya faɗi haka, ku da fitilunku na gaba duk a ɗaure da waya?

Na ce masa, "To ni ai mai naƙuda zan ɗauko. Minti ɗaya ma rai ne. In tsaya ina tasbihi a bayan motar itace?"

Ya ce, "Mijinta na nan bayanki shina ce miki matso. Uwatta na kuka tana ce miki matso. Sun hi Tanko iya roƙo. In kin manne ma motar gaba ba ki riga ta isa ba, kuma ba ki ganin hanyar wuce ta. Wanda ya ja baya shi ka ganin gaba."

"To ka hana ni ke nan?"

"Ni wa? Lasin naki na, hannu naki na. Ubanki ya tambaye ni ko kin iya, ni ko ban ƙarya don amarya ta yi min murmushi. Ki ba ni damina guda, ki koyi laka da kaya. Ranar da kika ja layi kika tsaya inda kika ce, ni da kaina nika raka ki asibitin."

A gida Baba ya ce shi ya cire bakinsa, in na ga zan karɓa in karɓa, babu mai riƙe ni. Saura kwana bakwai a wa'adin Sista. Ban jira su ba, washegari na je.

Ta ce, "Kulu, motar nan ba za ta zauna har kaka tana jiran ki ba. Mata na mutuwa a ƙauye. Namiji zan ɗauka, kuma in ya zauna ba zan tashe shi don ke ba."

Na ce na sani.

"Shekara uku kina tuƙi, yau ki ce ba ki iya ba?"

Na ce, "Sista, jiya na kashe tulu. Ba na so na biyun ya zama mace da ɗa a ciki. Kuma duk wanda za ki ɗauka, ki turo shi Kwatarkwashi ranar da aka yi ruwa, kafin ki ba shi makulli." Ta dube ni kamar za ta yi faɗa, sai ta jawo takarda ta rubuta sunan wurin.

An ba wani aikin. Ko za a sake samun irinsa, Allah ne masani. Ni dai na roƙi Baba kada ya jingine a-kori-kura bana. Duk safiyar da aka kwana da ruwa zan loda buhu goma, in ɗauki tsoho, mu tafi gangarar nan, daga can mu bi hanyar Bungudu ina ƙirga a bayan manyan motoci, yana dukan gwiwata. Na je wurin maginan tukwane na sayo tulu goma sha biyu, har da na biyan Inna. Ya zo ya shafa su ɗaya bayan ɗaya a zaure, ya ce, "Amarya, wanga na mako nawa na?"

Na ce masa ya shiga mota, hadari na haɗowa.